Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Yadda Ake Zaɓen Dutsen Da Za A Hau

A kowace shekara, da zarar watan Yuni ya kama, dusar ƙanƙara ta fara narkewa a kan duwatsun Alp na ƙasashen Turai, sai dubban mutane daga Ingila da Jamus da Amurka da Japan su shimfiɗa taswira su shiga shawarar inda za su nufa. Waɗannan su ne masu hawan manyan duwatsu, masu kashe dukiyarsu da kwanakin hutunsu domin su manne a jikin bangon dutse tun daga asuba har faɗuwar rana. Mai karatu yana iya ɗaukar abin a kan sayen wahala da kuɗi, amma a wurin masu yinsa fanni ne mai ƙa'idoji, mai malamai da littattafai. Babbar ƙa'idarsa kuwa tun a gida ake cika ta, kafin a ɗaure kaya, watau zaɓen dutsen da za a hau da hanyar da za a bi a jikinsa. Wanda ya yi kuskure a wannan zaɓe, da wuya ƙarfin damtse ya cece shi.

LISSAFIN ZANGO

Ga yadda hawan yake. Mutum biyu ne ke ɗaure da igiya mai tsawon mita 50 ko 60. Na gaba ya hau yana cusa ƙarafa a tsagar dutse yana rataya igiyar a jikinsu, na baya kuwa yana tsaye yana sakar masa ita sannu sannu, a shirye yake ya riƙe shi in ya zame. In igiya ta kusa ƙarewa sai na gaba ya nemi wurin tsayawa, ya ɗaure kansa da dutse, sa'an nan abokinsa ya hawo ya iske shi. Wannan shi ne zango ɗaya. A ƙananan duwatsun da ake koyo zango ɗaya ko biyu ne an gama, amma doguwar hanya a kan babban dutse takan kai zango 20 ko 30.

To, daga nan lissafi yake farawa. A ce hanya tana da zango 24. In abokan tafiya suna cin kowane zango cikin rabin awa, awa 12 za su yi a jikin bango. In kuwa minti 45 suke yi, ya zama awa 18, alhali hasken rana a duwatsun Alp ko a tsakiyar bazara bai wuce awa 16 ba. Minti 15 ɗin nan da aka raina su ne bambancin wanda zai kwana a masauki da wanda zai kwana a rataye cikin sanyi. Sanyin kuma ba na wasa ba ne, domin duk mita 1,000 da mutum ya hau zafi yana raguwa da kimanin digiri shida da rabi.

Littattafan jagora suna ba kowace hanya daraja bisa ga wuyarta. Tun cikin shekarun 1920 aka kasa wuyar hawa kashi shida, daga baya aka buɗe ma'aunin ya wuce haka. Sai dai wannan lamba tana faɗin wurin da ya fi wuya ne kurum a cikin hanyar. Ba ta faɗin nisan tafiyar da za a yi kafin a kai gindin bango, balle wahalar saukowa. Shi ya sa tsofaffin hannu ke gargaɗin baƙo ya zaɓi hanyar da ta gaza iyakar gwanintarsa da daraja ɗaya ko biyu, saboda abin da mutum ya iya a ƙaramin dutse da safe, cikinsa a cike, ba lalle ne ya iya shi a zango na ashirin da jaka a baya da hadari a sama ba.

DUTSE ƊAYA, ƘOFA BIYU

Babu inda wannan darasi ya fito fili kamar dutsen Piz Badile, mai tsawon mita 3,308, wanda ke kan iyakar Suwizalan da Italiya. Fuskarsa ta arewa maso gabas bango ne mai sulɓi da ya kai kimanin mita 800. A ranar 14 ga watan Yuli na shekarar 1937 Riccardo Cassin da abokansa biyu, Vittorio Ratti da Gino Esposito, mutanen garin Lecco, suka shiga wannan bango da ba a taɓa hawa ba. A ciki suka haɗu da waɗansu samari biyu daga garin Como, Mario Molteni da Giuseppe Valsecchi, aka haɗa igiya aka zama ayari ɗaya. Ruwa da dusar ƙanƙara suka tare su, suka kwana biyu a jikin dutse, sai a rana ta uku suka kai ƙololuwa cikin guguwa. Sun ci bangon, amma Molteni da Valsecchi ba su kai gida ba. Gajiya da sanyi suka kashe su a kan hanyar saukowa ta ɓangaren Italiya.

Bayan shekara 15, a cikin 1952, wani ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Hermann Buhl ya zo a kan keke saboda rashin kuɗin mota, ya hau wannan bango shi kaɗai cikin awa huɗu da rabi, ya sauko, ya sake hawa kekensa. A hanyar komawa barci ya kwashe shi ya faɗa kogin Inn, ya fito da ransa. Labarin Buhl ya yi daɗi a baki, ya kuma ruɗi mutane da yawa, domin wanda ya ji an yi abu cikin awa huɗu da rabi yakan manta cewa waɗanda suka fara yinsa kwana uku suka yi, biyu kuma suka mutu.

Abin lura shi ne, dutsen nan yana da wata ƙofa. Doronsa na arewa, wanda Alfred Zürcher da jagoransa Walter Risch suka fara hawa a 1923, doguwar hanya ce mai kyau ƙwarai, wuyarta ba ta kai ta bangon Cassin ba, kuma ƙololuwa ɗaya suke kai mutum. Mai hankali yakan fara da doron, ya ga yadda dutsen yake, ya koyi hanyar sauka, ya bar bangon sai wata shekara. Saukar ma kanta zaɓi ce. Ko dai a gangara kudu zuwa masaukin Gianetti, mutum ya tsinci kansa a Italiya alhali kayansa suna Suwizalan, ko kuma a sulalo da igiya ta doron arewa, aikin da ke cin awowi da yawa a lokacin da jiki ya riga ya mutu.

SHAMONI KO DOLOMITI

Yawancin baƙi tsakanin wurare biyu suke rarraba hankali. Na farko shi ne garin Chamonix na Faransa, wanda ake furtawa Shamoni, a gindin Mont Blanc, dutsen da ya fi kowane tsawo a Alp, sama da mita 4,800. Dutsen wannan yanki giranit ne, dangin dutsen Kufena na Zariya, mai tauri, mai dogayen tsagogi masu karɓar ƙarfe da kyau. Akwai kuma keken da ke tafiya a kan waya, wanda aka buɗe a 1955, mai ɗaukar mutum daga cikin gari ya kai shi kan Aiguille du Midi, sama da mita 3,700, cikin kamar minti 20. Domin a gane wannan tsawo, Chappal Waddi na Jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne. Sauƙin nan yana da tarko a ciki. Jikin da bai saba da ƙarancin iska ba yakan amsa da ciwon kai da amai da kasala, sa'an nan kusan kowace hanya a nan sai an ratsa kogin ƙanƙara mai ɓoyayyun ramuka kafin a taɓa dutse. Saboda haka wanda ya iya dutse kaɗai, bai iya tafiya a kan ƙanƙara da takalmi mai ƙayoyin ƙarfe da gatari ba, rabin karatun ya sani. Manyan hanyoyin yankin, irin su ginshiƙin Walker a kan Grandes Jorasses, mai mita 1,200, wanda Cassin ɗin nan ya buɗe a 1938, na ƙwararru ne zalla.

Wuri na biyu shi ne duwatsun Dolomiti na arewa maso gabashin Italiya. Dutsensu dangin farin dutsen nan ne da ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato ana yin siminti. Ba su kai na Shamoni tsawo ba, babbansu Marmolada mita 3,343 ne, kuma yawancin hanyoyinsu ba a ratsa ƙanƙara. Hanyar mota tana kaiwa har kusa da gindin Tre Cime di Lavaredo, inda Emilio Comici da 'yan'uwa biyu, Angelo da Giuseppe Dimai, suka hau fuskar arewa ta Cima Grande a 1933. Amma bangayen nan a tsaye suke ƙyam, waɗansu har sun rankwafo, dutsen yakan ɓalle a hannu, ƙusoshin da ke jiki waɗansu sun shekara hamsin ko fi, kuma gano hanya a cikin bango mai faɗi aiki ne mai ɓad da mutum. Bangon Civetta, wanda Emil Solleder da Gustav Lettenbauer suka hau a 1925, ya wuce mita 1,000. Bugu da ƙari, a watannin Yuli da Agusta hadari yakan taso da la'asar da tsawa, ga mutum a kan tsini ɗauke da ƙarafa. A nan sammako shi ne magani.

Watau dai wanda ya ƙware a tsayayyen bango amma bai san ƙanƙara ba, Dolomiti ta fi dacewa da shi. Wanda ya saba da sanyi da doguwar tafiya, yana kuma da kwanakin da zai ba jikinsa ya saba da tsawo, ya nufi Shamoni.

A TAMBAYI HANYAR KOMOWA

Hausawa sun ce tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma ko ya yi dubu ba zai fito ba. Tarihin hawan dutse cike yake da shaidar wannan magana. Ranar da aka fara hawa Matterhorn, 14 ga Yuli 1865, mutum bakwai suka kai sama tare da Edward Whymper, huɗu suka faɗi a wajen saukowa. A cikin 1936 samari huɗu suka shiga fuskar arewa ta dutsen Eiger a Suwizalan, bango mai mita 1,800. Ɗayansu, Andreas Hinterstoisser, ya yi dabara ya ƙetare wani falalen dutse mai sulɓi, sauran suka bi igiyarsa, sa'an nan suka janye ta. Da dutse ya faɗo ya ji wa ɗaya rauni, yanayi kuma ya ɓaci, suka juyo, sai suka tarar falalen ya daskare, ba ya ƙetaruwa. Duk huɗun suka halaka. Na ƙarshensu, Toni Kurz, ya cika yana rataye a igiya, tsakaninsa da masu ceto 'yan mitoci kaɗan.

Haka kuma a watan Yuli na 1961 guguwa ta tare Walter Bonatti da Pierre Mazeaud da abokansu biyar a kan ginshiƙin Frêney na Mont Blanc, saura kaɗan su gama. Waɗannan suna cikin gwanayen zamaninsu, amma wurin yana da nisa da kowane masauki, komowa kuma sai an ratsa kogin ƙanƙara mai haɗari. Cikin mutum bakwai uku suka rayu.

Saboda haka kafin a tambayi kyan hanya, wajibi ne a tambayi mafitarta. In ruwa ya sauko a zango na goma, ana iya sulalowa a koma gindi, ko kuwa hanyar ta karkace ta yadda ba mafita sai sama? Akwai wani tudu a tsakiya da za a bi a fice? Daga ƙololuwa awa nawa ne zuwa masauki, kuma ana iya gane hanyar cikin duhu ko hazo? Hanyar da ta amsa waɗannan tambayoyi da kyau ta fi wadda ta yi suna.

DUTSEN JIYA BA SHI NE NA YAU BA

Akwai kuma wani sabon al'amari da magabata ba su yi fama da shi ba. A can sama, cikin tsagogin dutse, akwai ƙanƙarar da ba ta narkewa rani da damina, ita ce ke riƙe da duwatsun kamar yadda siminti ke riƙe bulo. Ɗumamar yanayi ta sa ta fara saki. Ginshiƙin da Bonatti ya hau shi kaɗai cikin kwana shida a 1955 a kan dutsen Petit Dru, wanda ake ƙirgawa cikin manyan ayyukan hawan dutse, ya rushe a 2005, babu shi yanzu sai a hoto. A ranar 23 ga Agusta 2017 wani ɓangare na Piz Cengalo, maƙwabcin Badile, ya zube, kimanin kyubik mita miliyan 3 na dutse, ya kashe matafiya takwas, laka da duwatsu suka malalo har ƙauyen Bondo. A ranar 3 ga Yuli 2022 wani yanki na ƙanƙarar Marmolada ya ɓalle ya kashe mutum 11. A cikin shekarun 2022 da 2023 kaɗai kogunan ƙanƙara na Suwizalan sun rasa kashi 10 cikin 100 na girmansu.

A 1973 shahararren jagora Gaston Rébuffat ya wallafa littafin da ya tattara hanyoyi 100 mafiya kyau a yankin Mont Blanc, wanda ya zama abin dogaro ga baƙi shekara da shekaru. A 2019 waɗansu masana na Faransa suka bi 95 daga cikinsu, suka tarar 93 canjin yanayi ya taɓa su, 26 sun canja ƙwarai, uku kuma sun ɓace ɗungum. Ma'anar wannan ga mai shirin tafiya ita ce tsohon littafi ba ya wadatarwa. Hanyoyi da yawa da a da ake hawa a Agusta yanzu an fi son a yi su a Yuni ko farkon Yuli, tun sanyi yana riƙe da dutse. Kuma tilas ne a tambayi mai kula da masauki da jagororin gari halin da hanya take ciki a wannan mako. A Shamoni akwai ofishi na musamman da ke tattara irin wannan labari domin kowa, ƙungiyar jagororin garin kuwa tun 1821 take.

NESA DA TURAI

Wanda ya ƙoshi da Alp yakan ɗaga ido zuwa nesa. A kudancin Ajantina akwai Fitz Roy, mai mita 3,405, wanda Lionel Terray da Guido Magnone suka fara hawa a 1952. Giranit ɗinsa ba shi da na biyu, lokacin hawansa daga Disamba zuwa Fabrairu ne, amma iskar wurin takan tsare mutum makonni a garin El Chaltén yana jiran kwana biyu na natsuwa. Wanda hutunsa mako biyu ne kurum yana iya komawa gida bai taɓa dutse ba, ko kuwa, abin da ya fi muni, ganin kuɗin da ya kashe ya sa shi ya shiga a ranar da ba ta dace ba. Masu ceto a can 'yan sa kai ne, galibi da ƙafa suke zuwa.

A nahiyar Afirka akwai Dutsen Kenya, mai ƙololuwa biyu, Batian mita 5,199 da Nelion mita 5,188, waɗanda ba a kai musu sai da igiya. Da yake yana dab da layin da ya raba duniya biyu, rana takan karkata kudu da shi a watannin Janairu da Fabrairu, fuskar kudu ta bushe a hau Nelion, sa'an nan daga Yuli zuwa Satumba ta koma arewa a hau Batian ta fuskar arewa. Wanda ya zo da niyyar wata fuska a lokacin ɗaya fuskar, ƙanƙara zai tarar. Nisan taimako kuma abin dubawa ne. A 1970 wani likita ɗan Ostiriya, Gert Judmaier, ya faɗi ya karye a ƙafa kusa da ƙololuwar Batian, ya yi kusan mako guda a can, jirgi mai saukar ungulu da ya zo taimako ya faɗi matuƙinsa ya mutu, sai da aka ɗauko masu ceto tun daga Innsbruck kafin a sauko da shi.

WA ZAI ZO, WA ZAI BIYA

Ko a Turai ma ƙasa ta bambanta da ƙasa. Faransa ta kafa rundunar jandarmomi ta ceto a Shamoni a 1958, bayan mutuwar waɗansu samari biyu, Jean Vincendon da François Henry, waɗanda suka yi kwanaki a kan Mont Blanc ana hangensu daga gari aka kasa sauko da su. Ceton da wannan runduna ke yi kyauta ne. A Suwizalan kuwa ana aiko wa mutum da takardar biya, kuɗin kuma ba kaɗan ba ne, a Italiya ya danganta da lardi. Ɗan Nijeriya ko Nijar mai neman bizar Shengen, wadda ke shigar da shi Faransa da Italiya da Suwizalan da Ostiriya baki ɗaya, tilas ya nuna inshorar lafiya ta akalla Yuro 30,000. Sai dai inshorar matafiya ta yau da kullum sau da yawa takan cire hawan dutse da igiya daga abin da take biya, don haka a karanta sharuɗɗan da kyau. A kuma tuna cewa jirgi mai saukar ungulu ba ya tashi cikin guguwa, watau a daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Abu na ƙarshe shi ne abokin igiya. Hanya ana auna ta ne da wanda ya fi rauni a cikin biyun, kamar yadda madugu ke auna zango da raƙumin da ya fi gajiya. Ƙwararru sukan yanke tun a masauki cewa in ƙarfe kaza ya yi ba su kai wuri kaza ba, za su juyo, kuma ba a sake shawara a kan wannan magana a jikin bango, inda kwaɗayin ƙololuwa ke rufe ido. Sukan kuma zo da hanya biyu ko uku a zuciya, a yankuna dabam dabam, domin in hadari ya rufe Shamoni a kwashe kaya a nufi inda rana take. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Riccardo Cassin, wanda ya ga mutuwar abokan tafiyarsa biyu a Badile, ya sake hawa wannan bango a 1987 yana da shekara 78, domin cikar shekara 50 da buɗe shi. Ya rasu a gidansa a 2009 yana da shekara 100.